Tulun da Aka Kankare a Gaban Jama'a

Zuwa ga Inna,

Ke da kika shekara talatin kina kakkaɓe garin katako daga rigunan Baba, ki gaya mini, kin taɓa ganin ɗigon rini a hannun rigarsa? Ko sau ɗaya? Ki yi haƙuri, na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba. Tambayar ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Asabar, ta hana gaisuwa wucewa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Kaka? Ƙugun ya fara barinta ta zauna, ko har yanzu sai an jingina ta? Ki ce mata angonta yana gaishe ta, kuma ta daina ɓoye ƙwayoyin magani a ƙarƙashin matashi, kowa ya san wurin.

Ba na so ki ji labarin nan a bakin wani, don kafin ya iso gare ki ya yi rassa. Kin tuna babban tulun ado na katako da Baba ya fara haɗawa kafin ki tafi jinya, mai farin ciki da siraran zobba uku baƙaƙe, wuyansa kuma na itacen ƙirya, baƙi wuluk? Wata mai otal ta saye shi a zauren baje kolin ƙungiyar masu sana'ar katako, ta ajiye shi inda baƙinta ke zama. Kwanaki mai yi mata shara ta goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ya fito baƙi. Matar ba ta ko biyo ta shagonmu ba. Tulu da tsumma ta zuba a jaka ɗaya ta kai wa Shugaban ƙungiya.

Mai tsoron Allah da sai ya aika a kira Baba gefe. Shugaba kuwa ya jira Asabar, ranar da zaure ke cika. Ya ɗora tulun a kan tebur, ya zaro wuƙar aljihu, ya kankari wuyan a gaban masu sana'a wajen arba'in, ban da masu saye. Fari ya leƙo daga ƙarƙashin baƙi. Ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa kamar mai gwanjo, yana cewa jama'a su zo su ga ƙiryar zamani, wadda ke tsoron wanka. Aka yi dariya, Inna. Har da mai kujerun nan da Baba ya koya wa riƙe ƙarfen fere itace lokacin da bai san gaban itace da bayansa ba.

Baba ya miƙa hannu aka ba shi tulun. Ya auna nauyinsa a tafi, ya ƙwanƙwasa wuyan da farce, ya kifa shi ya shafa tambarinsa da ke gindi. Sai ya ce tambarinsa ne, daga shagonsa ya fito, ba shi da ta cewa. Iyakar maganarsa ke nan. Nan take suka cire sunansa daga kantarsa ta zaure har shekara guda, suka karɓe ƙarfen tambarin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana zafafawa yana dangwala wa aikinsa.

Ni kam ban yi shiru ba, kin san ni. Na gaya wa Shugaba cewa tulunansa sun yi kaurin da za a iya daka hatsi a cikinsu, kuma abin da ke cin ransa shi ne yadda mutane ke ɗaga na Baba su yi salati don rashin nauyi, nasa kuwa sai an ce bismillah an tattara ƙarfi. Na ce masa wasu abubuwan da ba zan rubuta miki ba. Mutum uku suka fitar da ni, ɗaya ya yaga mini aljihu.

Tun ranar Baba bai kunna inji ba. Yana zuwa shago da safe kamar kullum, ya rataye rigarsa a ƙusa, ya zauna a kan bencin bakin ƙofa yana kallon titi har azahar. Abinci sai ya taɓa ya ture. Tulun kuwa ya ajiye shi a kan teburin da ke fuskantar wurin aikina, ban san dalili ba. Sau biyu ina rufe shi da buhu, sau biyu yana yayewa.

Kada ki taso saboda wannan, Kaka ta fi bukatarki. Ki dai sa mu a addu'a. Ki gaida Kawu da iyalinsa.

Ɗanki,
Barkono

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Kaka da gajiyar jinya. Na ji daɗi da kika ce ta taka har bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙarki ta iso. Layi huɗu kacal, Inna. Ni na cika miki shafi uku, ke kin aiko mini da layi huɗu, biyu gaisuwa, biyu tambaya kamar ta ɗan sanda: a wane sati aka yi wa Baba aikin ido, a wane sati aka gama tulun. Ban ga abin da ya haɗa wannan da wulaƙancin da aka yi mana ba.

Bari in gaya miki abin da mutanen zauren suka yi wa dariya, don ke ƙura kawai kike gani a gida. Tulu irin wannan ba daga gungume ɗaya ake fitar da shi ba. Farin itace daban, baƙar ƙirya daban. Sai an yanka kowanne zobe-zobe, an goge fuskokinsu har in ka haɗa biyu ka ɗaga wa rana ba ka ganin haske a tsakani, sannan a shafa gam a matse, a bar shi ya kwana biyu. Bayan nan a ɗaura shi a inji yana juyawa, a fere bayansa. Wahalar duka tana ciki. Ta ɗan bakin da bai fi yatsu biyu ba ake zura lanƙwasasshen ƙarfe a rarake cikin tulu, ba ka ganin abin da kake yankawa, sai kunne da yatsa. Baba yana jin kaurin bango a sautin ƙarfen. In sautin ya fara sirancewa ya san ya kusa. Kuma farin itace laushi gare shi, ƙirya kuwa taurin kai kamar ni, saboda haka daidai inda suka haɗu nan ƙarfe ke cijewa in hannu bai nutsu ba.

Ita ƙiryar ma ba a kasuwa ake tsintarta a shirye ba. In aka manna ɗanya da busasshen itace, bayan wata shida sai mahaɗar ta tsage. Shi ya sa Baba ke toshe bakin kowane guntu da kakin zuma, ya rubuta shekara a jikinsa, ya jefa shi saman rufi. Guntun da aka yi wuyan tulun nan da shi shekararsa shida a can, kuma shi ne na ƙarshe da ya bushe. Mutumin da ke jiran itace shekara shida shi ake cewa ya shafa rini.

Jiya na same shi yana wasa ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, yana shafa musu mai, yana naɗewa a tsumma, yadda ake yi wa kayan da za a daɗe ba a taɓa ba. Na fita na bar masa shagon.

Tambayarki kuma, eh, sati ɗaya ne. Takarda ta kusa ƙarewa, sai wani jiƙon. Ki gaida kowa.

Ɗanki,
Barkono

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da Kaka da dukan mutanen gida. Wannan wasiƙar ki karanta ta ke kaɗai, ba a tsakar gida ba.

Kin ce takardar da na ce ta ƙare rabinta fari ne. Gaskiyarki. Ni ne, Inna. Ni na yi.

Ranar da aka kwantar da Baba don cire masa yanar ido, tulun yana ɗaure a inji, an rarake cikinsa, saura ƙarƙashin wuya. Ya ce kada in taɓa, in ya dawo ya gama da kansa, ko da baje kolin wannan karon zai wuce shi. Ni kuma na shekara bakwai ina goge-goge da shara da yanka zobba, ina ji a raina cewa hannuna ya kai, tsoho ne kawai ba ya son sakin ƙarfe. Na ce zan gama shi, ya dawo ya tarar da shi yana sheƙi, in ga bakin da zai sake ce mini da saura. Na kunna inji. Ban yi minti goma ba ƙarfen ya cije a mahaɗa, na ji ƙara kamar an harba bindiga, wuyan ya tashi gida uku. Ɗaya ya bugi kwanon rufi. Na zauna a ƙasa ina kallon shekara shida a warwatse.

Da na tsaya nan, da laifina bai wuce na yaro mai kunnen ƙashi ba. Amma kin san ni da littafi. Ni da na koyi karatu a jikin jaridun da ake naɗo mana gam, ban taɓa ganin abu a rubuce na yi shakkarsa ba. Akwai wani tsohon littafin aikin katako da na saya a bakin titi, bangonsa ya cire. A ciki an ce in aka jiƙa ƙusoshi masu tsatsa a ruwan tsami aka shafa wa itace, yana komawa baƙi. Na fere sabon wuya da farin itace, na manna, na shafa. Bai yi baƙi ba, toka-toka ya yi kamar fatar jaki. Sai na je wurin mai gyaran takalmi na sayo rinin fata na ƙara a kai, sau uku, na bi da kakin zuma. Wallahi ya yi kyau, Inna, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Daga baya na koma littafin na ga a ƙasan shafin an ce mai sana'ar kirki yana gaya wa mai saye cewa rini ne. Na karanta layin tun farko. Idona ne ya tsallake shi don ya ga dama.

Sannan na zafafa ƙarfen tambarin Baba na dangwala a gindin, na kai tulun zaure da kaina tun yana asibiti da bandeji a fuska. Da ya dawo na ce masa na gama an kai, har an saya. Sai ya ce to madalla, ashe na girma. Na karɓi yabon na haɗiye.

Duk zagin da na yi wa Shugaba a zaure, da wannan a cikina na yi shi. Ina ɗaga murya ne don kada in ji kaina.

Shekaranjiya da safe ina shara na tsaya na gaya wa Baba komai, tsintsiya a hannuna. Bai ko juyo daga kallon titi ba. Ya ce ya sani tun da tulun ya sauka a tafinsa, don wuyan ƙirya yana rinjayar tulu ta sama, wannan kuwa bai rinjaya ba. Ya ce kuma shi bai taɓa dangwala tambari a karkace ba. Ya ajiye shi a gabana ne yana jira ya ga kwana nawa zan ɗauka. Kwana ashirin da uku na ɗauka.

Na ce zan je in faɗa a ƙungiya. Nan ne ya juyo. Ya ce bai yarda ba, kuma umarni ne. Dokar ƙungiya ita ce duk wanda ya sa tambarin wani a aikinsa, sai ya shekara biyar kafin a ba shi nasa, ni kuwa a ƙarshen shekarar nan za a ba ni nawa. Ya ce shi ya ci zamaninsa, ido ɗaya ya rage masa mai kyau, shekara guda a bencin ƙofa ba za ta kashe shi ba, amma biyar a farkon rayuwar saurayi ba wasa ba ce. Na yi masa tsawa, Allah ya yafe mini. Na ce da ya ɗauki guntun katako ya rotsa mini kai da ya fi mini wannan shirun nasa. Ya ce katakon yana da amfani.

Ban san abin da zan yi ba, Inna. In na bi maganarsa, zan karɓi tambarina a zauren da ake nuna ubana da baki. Ki yafe mini, ki kuma gaya mini ko da layi huɗun ne.

Ɗanki mai kunya,
Barkono

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙarfin jikin Kaka? Yaya naki ƙafafun da kika ce suna kumbura da yamma? Ki riƙa ɗora su a kan wani abu, kada ki gama jinyar wata a fara taki.

Kin rubuto cewa ba za ki ce in saɓa wa ubana ba, ba kuma za ki ce in zauna da ƙarya ba, ni na ɗaura tulun a inji, ni zan sauke shi. Na gode. Na saɓa masa.

Asabar da ta wuce na je zaure da jaka. Da aka zauna taro na ɗaga hannu, Shugaba ya ce ba na cikin jerin masu magana, kuma in zagi ne ya saura daga wancan karon in ajiye shi a waje. Na hau kan benci. Na zazzage jakar a kan teburin da ya kankare tulun: gutsattsarin wuyan ƙirya guda uku da na ɓoye a bayan gwangwanayen gam, kwalbar rinin fata, da littafin. Na faɗi komai da ranarsa, na ce duk mai shakka ya je asibitin ido ya tambayi kwanakin da Baba ya yi a kwance. Mai kujeru ya ɗauki gutsattsarin ya haɗa su, suka zauna daram, ya daɗe yana kallonsu bai ɗago ba. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Ban sauko ba sai da na gama.

Sun yanke mini shekara biyar ɗin. Ban yi gardama ba, karo na farko a rayuwata, har wani ya tambaya ko ba ni da lafiya. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: wuyan nan na ƙarya ne, wuƙar Shugaba ba ta yi ƙarya ba, mai otal ɗin ma tana da gaskiyarta. Na je na same ta na ba ta haƙuri, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce in gaida tsohon.

Amma ki ji yadda aka yi da Baba. Na tsaya ina jira Shugaba ya ce wani abu a kansa, sai ya ce a wuce magana ta gaba, batun gyaran rufin zaure. Washegari da rana ya aiko mai fentin da ke kusa da mu da ƙarfen tambarin a naɗe cikin jarida, da saƙon cewa Baba yana iya mayar da kayansa kanta a hankali, ba sai an yi surutu ba. A hankali, Inna. Mutanen da suka ga an kankare shi, rabinsu masu saye ne da ba su zo taron Asabar ba. Har yau a titinmu akwai masu ce wa shagonmu shagon rini.

Baba ya karɓi ƙarfen ya jefa a aljihun tebur. Kwana biyu bai yi mini magana ba, ko amsa gaisuwata sai da kai. A rana ta uku ya tashi daga benci, ya ɗauki tulun ya ɗaura a inji da kansa, ya kunna. Sati biyar rabon da in ji wannan ƙarar. Ya miƙo mini siririn ƙarfen yanka ya nuna mini mahaɗar wuyan. Ya dafa mini gwiwar hannu daga baya har wuyan ƙaryar ya rabu ya faɗi cikin garin katako. Ya ce tulun zai zauna haka da buɗaɗɗen baki, ba za a sayar ba. Sannan ya ce ni jaki ne, na jefar da shekara biyar a kan tsohon da bai roƙe ni ba, kuma in matsa in ba shi wuri, ina tare masa haske. Tun ranar yana aiki. Amma ya ce ƙafarsa ba za ta taka zaure ba, kayansa ma haka, kuma na san ba fushi ba ne, kunya ce. Ita ce ban yarda ya mutu da ita ba.

Don haka na rubuta takarda na manna a ƙofar zaure da gam ɗin katako, wanda ba ya ɓanɓaruwa sai da ƙofar. Baba bai sani ba tukuna. In ya rubuto miki ƙarata, ki ce kin ji.

Ki gaida Kaka, ki ce angonta ya zama marar tambari, in tana son canja miji yanzu ne lokaci. Ki gaida Kawu. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ɗanki,
Barkono

Ga abin da na manna, na kwafo miki:

Shugaba, ni ne ɗan mai tulu, wanda ya shafa rinin, kuma na karɓi hukuncina a tsaye. Ranar Asabar ka ɗaga aikin ubana sama, zaure a cike, ka sa aka yi masa dariya. Ranar Lahadi ka aiko masa da tambarinsa a naɗe cikin jarida ta hannun maƙwabci. Tulunansa na shekara talatin da ɗaya suna gidajen mutane da yawa a cikinku. Ku kawo su Asabar mai zuwa, ka zo da wuƙarka, ka kankari wanda ka ga dama. In ka sami fari a ƙarƙashin baƙi ko a guda ɗaya, ka ƙara mini biyar a kan biyar. In ba ka samu ba, ka tsaya a bayan teburin nan, da muryar da ka yi gwanjo da ita, ka gaya wa jama'a: mai tulu maƙaryaci ne, ko ba maƙaryaci ba ne? Zan zo da wuri, ina benci na gaba. Ka amsa a gaban kowa.